Matar diyuk a fadar Turai ta ƙarni na 15: zaman ado take yi ko mulki?

"Malam, ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata. Muna cikin darasin sarautun Turai na da sai wata ɗaliba ta ce: su waɗannan manyan da ake ce wa diyuk, masu mulkin ƙasarsu, me matansu suke yi a fada? Kwalliya da haihuwa kawai, ko suna da ta cewa a harkar mulki? Na ba ta amsa a gurguje, amma ni kaina ban gamsu ba. A taimaka mini."

Malama, Allah ya yi wa ɗalibarki albarka. In na fahimce ta, abu biyu take nema: wane aiki matar diyuk take yi a kullum, kuma ikon da ake gani a hannunta nata ne ko na mijinta. Gajeriyar amsa ita ce aikinta ya fi na yawancin fadawa nauyi, amma ikon da take yin aikin da shi na aro ne, miji ya ba ta yau, ya karɓe gobe in ya ga dama. Sai dai 'yan mata ba za su bar ki a nan ba, za su ce a kawo misali. Saboda haka zan tsaya a gida ɗaya da na fi daɗewa ina karantar da ɗalibai a kansa, wato gidan sarautar Burgundi, in leƙa wasu gidajen nan da can in buƙata ta taso.

Diyuk dai basarake ne da darajarsa take ƙasa da ta sarki. Wasu suna ne da gonaki kawai. Wasu kuwa ƙasa suke mulka, suna da sojoji da kotuna da baitulmali, suna buga kuɗinsu, irin na Burgundi da Milan da Savoy. Gidan da muke magana ya fara ne a 1363, lokacin da Sarkin Faransa ya ba ɗansa Philip Jarumi ƙasar Burgundi, ya ƙare a 1477 bayan diyuk huɗu: Philip Jarumi, John Mara Tsoro, Philip Nagari, da Charles Mai Kasada. Abin da za ki riƙe shi ne ƙasarsu ba a haɗe take ba. Wani yanki yana kudu, wajen birnin Dijon a gabashin Faransa, wani yana arewa, inda Beljiyam da Holan da arewacin Faransa suke a yau, kuma tsakaninsu ƙasar wasu ce, tafiyar kwanaki a kan doki. Mutum ɗaya ba ya zama a wuri biyu. Daga nan rabin aikin uwargida ya samo asali.

Abin da amarya take shigowa da shi

Wannan yanki na arewa, wanda shi ne mai arziki, ta hanyar mace ya shigo gidan. A 1369 Philip Jarumi ya auri Margaret, 'yar mai mulkin Flanders, wadda ita ce magajiyar ubanta. Da uban ya rasu a 1384, garuruwan masaƙa da 'yan kasuwa irin su Ghent da Bruges da Ypres suka zama nata, mijin kuma ya mulke su da sunanta. A Faransa an hana mace gadon kujerar sarki, amma a Flanders da maƙwabtanta mace tana gado. Don haka in aka ce diyuk ya yi aure, sau da yawa ƙasa ce ta auri ƙasa.

Akwai wani labari game da wannan Margaret da ɗalibai ba sa mantawa. Philip Jarumi ya rasu a 1404 da bashi har wuya, domin mutum ne mai son ƙawa. Marubucin tarihi Monstrelet ya ce matar ta zo ta ɗora ɗamararta da jakar kuɗinta da makullanta a kan akwatin gawarsa a gaban shaidu. Ba ƙiyayya ba ce. Al'adar shari'arsu ce: da wannan ta yafe rabonta a kayan da ya bari, masu bin bashi kuma ba su da damar taɓa ta. Ƙasarta ta gado tana nan a hannunta.

In amaryar ba magajiyar ƙasa ba ce, kuɗi take zuwa da su. A tsarinsu iyayen amarya ne suke biyan dukiya mai yawa ga ango, shi kuma ya ware mata wasu garuruwa a rubuce, waɗanda za ta ci harajinsu in ya riga ta mutuwa. Ki lura da waɗannan garuruwa, za mu dawo kansu, domin a nan ne kawai mace take da abin da ba na aro ba.

Matar da ta fi kowa nuna abin da nake son faɗa ita ce Isabella 'yar Sarkin Fotugal, uwargidan Philip Nagari. An haife ta a 1397, uwarta 'yar gidan sarautar Ingila ce, kuma 'yar'uwa ce ga Henry, yariman nan da ya riƙa tura jiragen ruwa gaɓar Afirka ta Yamma. Philip ya yi aure sau biyu kafin ita, matan biyu suka rasu ba su bar masa magaji ba. A 1428 ya aika tawaga Fotugal, a cikinta har da mai zanen fadarsa Jan van Eyck, don ya zano masa fuskarta ya gani. Aka yi bikin a Bruges a Janairun 1430, tana da shekara 32, wanda a ma'aunin 'ya'yan sarakunan lokacin an yi jinkiri ƙwarai.

Kada mu ruɗi kanmu, haihuwa ce aikin farko da ake jira. Coci bai yarda da mace fiye da ɗaya ba, ɗan da aka haifa a waje kuma a ƙa'ida ba ya gadon sarauta, ke nan makomar ƙasa gaba ɗaya tana rataye a cikin mace guda. Isabella ta haifi maza uku cikin shekara huɗu. Biyu suka koma suna ƙanana, na uku, Charles, wanda aka haifa a Dijon ranar 10 ga Nuwamba 1433, shi ne ya rayu. Shi kuwa Philip, a lokacin aurenta ya ɗauki wani kirari mai ma'anar "ba zan yi wata ba", sannan ya ci gaba da tara farkoki, 'ya'yansa na waje da aka sani sun haura goma sha biyar. Ba a ɓoye su. A fada aka rene su, ɗaya ya zama babban kwamandan yaƙi, wani ya zama bishop na Utrecht. Uwargida tana gani, kuma ana sa ran ta kau da kai.

Gidanta daban yake

Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki a duk lokacin da muka zo nan shi ne matar diyuk tana da nata gidan, ba ɗaki ba, ma'aikata ce sukutum. Ana rubuta dokar gidan, a jera muƙamai da sunayen masu riƙe da su da albashin kowa a rana. Akwai sashen burodi da shimfiɗar teburi, sashen abin sha, ɗakin girki, sashen 'ya'yan itace da kyandir, bargar dawaki, da masu shirya masauki in za a yi tafiya. Akwai barden da yake shugabantar gidan, da ma'aji, da magatakarda, da likita, da malaman coci. Na Isabella ya kai ɗaruruwan mutane, kuma mafi yawansu maza ne. Matan da suke tare da ita, manya da 'yan mata, kaɗan ne a cikin adadin. Kowace rana akawu yana rubuta abin da aka kashe da sunayen waɗanda suka yi aiki a wata doguwar takardar fata, kuma da yawa daga cikin waɗannan takardu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta birnin Lille. Da su masana suke gane inda ta kwana ranar kaza, da wanda ta ciyar.

In kina son darasin ya shiga, ga abin da nake yi. Nakan rubuta waɗannan muƙamai a allo, in ce wa ɗalibai: wa yake zaɓar wanda zai hau kowanne? Nan take sukan gane da kansu. Wadda take da muƙamai ɗari a hannunta tana da gidaje ɗari da suke neman yardarta. Manyan ƙasa suna kawo 'ya'yansu mata riƙo wurinta don su koyi zaman fada, ita kuma ta nemo musu mazaje, ta taimaka da kayan aure. Isabella ta ƙware a wannan. Agnes ta Cleves, 'yar 'yar'uwar mijinta, an kai ta gidan magajin Navarre a 1439. Mary ta Guelders, wadda ta girma a hannunta, ta auri Sarkin Sikotlan James na II a 1449. A shekarar nan aka kashe Pedro, ɗan'uwan Isabella, a yaƙin cikin gida a Fotugal, ta karɓi 'ya'yansa da suka gudo, ta aurar da ɗaya, Beatriz, ga ɗan gidan Cleves a 1453. Kowane aure a cikin waɗannan igiya ce da ta ɗaure wani gida da Burgundi, kuma ita ce ta murza ta.

Fadar ma ba a zaune take ba. Yau Brussels, gobe Lille, jibi Bruges ko Hesdin, da keken dawaki ɗauke da gadaje da labule da kwanuka. Sau da yawa gidan miji yana wani gari, na mata yana wani.

Durƙuso da hawan kanta

Yanzu ga ɓangaren da ɗalibarki ta kira ado. Akwai shi, kuma da yawa, amma ba wasa ba ne. Wata mata mai suna Aliénor de Poitiers, wadda uwarta ta rako Isabella daga Fotugal, ta rubuta ladubban fadar a tsufanta, wajen ƙarshen ƙarnin. Daga wurinta muka san ƙananan abubuwa da marubuta maza ba su damu da su ba.

Ɗauki jego. In babbar mace ta haihu, ana shirya mata ɗaki da manyan gadaje na ado, a rufe tagogi a kunna kyandir, mata su riƙa zuwa barka. A gefe ana kafa kanta mai hawa-hawa a jera kwanukan zinariya da azurfa da ƙarau, kusan yadda amarenmu suke jere a ɗaki, kowa ya shigo ya auna gidan da ta fito. Bambancin shi ne a can doka ce ta ƙayyade hawan. Sarauniyar Faransa hawa biyar. Surukar Isabella, matar ɗanta Charles, da ta haifi Mary a Brussels a Fabrairun 1457, hawa huɗu. Matan da suke ƙasa da ita uku, ko biyu, ko ɗaya. Koren labule a ɗakin jego na sarauniya ne da manyan gimbiyoyi kaɗai. Haka makoki: wannan surukar, da ubanta ya rasu, mako shida ta yi a ɗaki mai baƙaƙen labule tana karɓar gaisuwa.

Aliénor ta kuma ba da labarin ranar da Isabella ta je gaban Sarauniyar Faransa a Châlons a 1445. Da ta iso bakin ƙofa sai ta karɓe jelar rigarta daga hannun mai riƙe mata, domin ba a riƙe wa kowa riga a gaban wadda ta fi ta. Ta durƙusa a ƙofa, ta sake durƙusawa a tsakiyar ɗaki, tana shirin na uku sarauniya ta tako 'yan taku ta tarbe ta, ta ɗaga ta. Wanda bai san dawan garin ba zai ce wannan ɓata lokaci ne. Amma Philip Nagari ya fi sarakuna da yawa dukiya, rawanin sarki ne kawai ba shi da shi, kuma kowa a ɗakin nan yana ƙirga takun sarauniya don ya san matsayin Burgundi a idon Faransa a ranar. Da jikinta da rigarta take faɗin abin da jakada ba zai iya faɗa da baki ba. Kuma ba gaisuwa ce ta kai ta Châlons ba, tattaunawar siyasa ta je yi da Sarki Charles na VII a madadin mijinta.

In miji ba ya nan

A nan gizo yake saƙa. Tun kafin Isabella, uwar mijinta Margaret ta Bavaria, matar John Mara Tsoro, ita ce take riƙe da yankin kudu daga Dijon a shekarun da mijin ya tare a rikicin Paris, har zuwa ranar da aka kashe shi a kan gadar Montereau a 1419. Isabella ma an bar mata riƙon ƙwaryar yankin arewa a 1432, da kuma daga 1441 zuwa 1443. Yadda ake yi shi ne diyuk ya ba da takarda mai hatimi cewa ita ce a madadinsa, a haɗa ta da 'yan majalisa. Ta karɓi koke, ta tattauna da wakilan garuruwa kan haraji, ta nemo kuɗin biyan sojoji. A ganina, in aka zo batun lissafi da bin diddigin masu karɓar haraji, ta fi mijinta haƙuri nesa ba kusa ba, domin shi farauta da biki da fagen fama sun fi ɗaukar hankalinsa.

Babban aikinta shi ne sulhu da Ingila. A 1435, a taron Arras, Philip ya bar ƙawancen Ingila ya shirya da Sarkin Faransa. Turawan Ingila suka ɗauke shi maci amana. A 1436 ya je ya kewaye Calais, garin da yake hannunsu, ya dawo ba nasara. Matsalar ita ce masaƙan Flanders da ulun Ingila suke aiki, kuma ta Calais yake shigowa. Ulu ya yanke, masaƙa suka zauna, garuruwa suka fara bore. Dole a yi magana da Ingila, amma Philip ba zai iya zuwa da kansa ba tare da ya zubar da girma ko ya tsokano Faransa ba. Sai aka tura Isabella. A 1439, kusa da Gravelines, ta zauna da Kadinal Henry Beaufort, babban mai faɗa a ji a Ingila, wanda kawunta ne, ɗan'uwan uwarta ta wajen uba. Zaman lafiyar da aka so ƙullawa tsakanin Ingila da Faransa bai yiwu ba, amma a Satumbar shekarar aka sa hannu a yarjejeniyar ciniki, ulu ya dawo.

A wannan zama ta soma aikin sako Charles na Orléans, wanda yake tsare a Ingila tun yaƙin Agincourt na 1415. Ki tuna uban Philip ne ya sa aka kashe uban wannan Charles a 1407, jini ne tsakanin gidajen biyu. Ta bi manyan Faransa tana tara kuɗin fansa, aka sake shi a 1440 bayan shekara 25, kuma a Nuwambar shekarar aka ɗaura masa aure da Marie ta Cleves, wata 'yar 'yar'uwar Philip.

Me ya sa mace? Na farko, dangi: jakada ba zai ce wa Kadinal "kawu" ba. Na biyu, in magana ta lalace, diyuk zai iya cewa ba da bakinsa aka yi ba. Na uku, al'adarsu ta ba mace damar roƙo ba tare da an ce ta yi rauni ba. Marubuciya Christine de Pizan, a littafin nasiha da ta rubuta a 1405 ta sadaukar ga wata 'yar gidan Burgundi, ta ce aikin gimbiya ta gari shi ne ta shiga tsakanin mijinta da talakawansa, da tsakaninsa da abokan gabansa. Wani lokaci ma shiri ne: gari ya yi laifi, diyuk yana son yafewa amma ba ya son a ce ya ji tsoro, sai uwargida ta roƙa a bainar jama'a, shi kuma ya ce albarkacinta ya yafe.

Inda igiyar ta ƙare

A bikin aurensa da Isabella, Philip ya kafa ƙungiyar barade ta Buzun Zinariya, wadda ta zama zauren manyan ƙasar. Babu kujerar mace a ciki, har ta amaryar. Ba ta jagorantar yaƙi. Takardar wakilci kuma tana mutuwa ranar da miji ya dawo.

A Janairun 1457 Philip ya yi mummunan faɗa da ɗansu Charles a kan gidan Croy, wasu fadawa da suka kama kunnen tsohon. Isabella ta tsaya wa ɗanta. A shekarar ta bar fada ta koma gidanta na La Motte-au-Bois a dajin Nieppe, ta shiga ibada da kula da marasa lafiya. Masana sun rabu, wasu sun ce neman lahira ne, wasu sun ce yaji ne, wasu sun ce ture ta aka yi. Ni dai na fi karkata ga cewa ta ga an rinjaye ta a majalisar miji, ta janye da mutuncinta kafin a nuna mata ƙofa. Ba ta daina sa baki a harkar ɗanta ba, tana cikin waɗanda suka so ya auri 'yar Ingila, kuma ta ga auren kafin ta rasu a Disambar 1471. Amma mace da ta yi fiye da shekara ashirin tana ɗauke da manyan al'amuran ƙasa, rigimar gida ɗaya ta isa ta sauke ta, babu kotun da za ta kai ƙara.

Kuma ita ta yi sa'a. Matar diyuk baƙuwa ce a ƙasar mijinta, in abu ya lalace ita ake fara nunawa da yatsa. Valentina Visconti 'yar Milan, matar diyuk na Orléans, da ciwon hauka ya kama Sarkin Faransa sai aka baza cewa ita ta yi masa sammu, dole ta bar Paris a 1396. A Milan, Filippo Maria Visconti ya auri Beatrice di Tenda a 1412 saboda sojoji da dukiyar da mijinta na farko ya bar mata, da ya kafu sai ya tuhume ta da zina, aka fille mata kai a 1418.

A nan ya kamata in ja miki kunne, Malama. Burgundi ba ma'aunin kowa ba ce. Ta fi yawancin fadoji kuɗi, ƙasarta a rabe take, takardunta kuma sun tsira. Matar ƙaramin diyuk a wani lungu na Jamus ba ta da irin wannan gida ko irin wannan fage. Sannan manyan marubutan tarihin fadar, irin su Georges Chastelain da Olivier de la Marche, maza ne masu cin albashin diyuk, sun fi ba da shafuka ga wasan barade da liyafa fiye da zaman lissafi. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su fi yarda da takardar akawu a kan yabon marubuci in ana batun aikin mata.

Wadda ba ta haihu ba

Misali na ƙarshe yana rushe zancen cewa haihuwa ce kaɗai darajarta. Margaret ta York, ƙanwar Sarkin Ingila Edward na IV, ta auri Charles Mai Kasada ranar 3 ga Yuli 1468. Edward ya yi alkawarin kuɗin zinariya 200,000, bai taɓa gama biya ba. Charles kullum yana sansanin yaƙi, ba su cika zama wuri ɗaya ba, kuma ba ta haifa masa ko ɗaya ba. Ta zauna a Ghent da sauran garuruwan arewa tare da Mary, 'yar mijinta, wadda ta girme wa da shekara goma sha ɗaya kawai, suka shaƙu ƙwarai. Margaret ce take zuwa gaban wakilan garuruwa neman sojoji da kuɗi in yaƙin miji ya ci tura. Mai son littattafai ce, kuma ita ta ƙarfafa wa wani ɗan kasuwar Ingila mazaunin Bruges, William Caxton, gwiwa ya kammala fassarar da ta zama littafi na farko da aka buga da Ingilishi, wajen 1473 zuwa 1474.

Ranar 5 ga Janairu 1477 aka kashe Charles a bakin birnin Nancy. Ya bar 'ya mace guda mai shekara 19, baitulmali a bushe, sojoji a warwatse. Sarkin Faransa Louis na XI ya mamaye yankin kudu yana cewa ƙasar ba ta gadon mace ba ce. Garuruwan arewa suka ga dama ta samu, suka tilasta wa Mary sa hannu a wata babbar takardar 'yanci ranar 11 ga Fabrairu, mutanen Ghent kuma suka fille kan wazirin ubanta Hugonet da wani babban bafade, Humbercourt, a watan Afrilu, duk da ta fito da kanta tana roƙonsu. Margaret ma sai da aka raba ta da yarinyar, ta bar Ghent. Amma daga inda take ta ci gaba da aika saƙo, kuma tana kan gaba cikin waɗanda suka tura auren Mary da Maximilian, ɗan Sarkin Daular Jamus, wanda aka ɗaura a Agustan shekarar. Wannan aure ne ya kai ƙasashen arewa gidan Habsburg, wato gidan su Maximilian. Ki nuna wa ɗalibanki wannan: Mary ita ce mai ƙasa da kanta, ba matar mai ƙasa ba, amma ba ta tsira da gadonta ba sai da aka nemo mata miji mai takobi.

Yanzu garuruwan nan da na ce ki lura da su suka yi amfani. Margaret ta zauna a Mechelen, ɗaya daga cikin garuruwan da aka ware mata, tare da Binche da wasu, tana karɓar harajinsu, tana naɗa ma'aikatanta, ba mijin da zai karɓe takarda. A 1480 ta je Ingila jakadanci wurin yayanta. Da Mary ta faɗo daga doki ta rasu a 1482, Margaret ta sa hannu a renon 'ya'yanta biyu, Philip da Margaret ƙarama. Da Henry na VII ya kawar da gidan York daga sarautar Ingila a 1485, ta zame masa ƙarfen ƙafa: a 1487 ta biya sojojin haya wajen 2,000 suka tafi mara wa Lambert Simnel baya, wani yaro da aka ce ɗan gidan York ne, aka ci su a yaƙin Stoke, daga baya kuma ta karɓi wani mai neman sarautar, Perkin Warbeck, ta ce ɗan ɗan'uwanta ne. Abin ya kai Henry ya sa wa ƙasar takunkumin ciniki a 1493, sai a 1496 aka warware. Ko ta yarda da gaske cewa yaron jininta ne, ko ta san ƙarya ne ta yi amfani da shi, har yau ana gardama.

Ta rasu a Mechelen a Nuwambar 1503, bayan shekara 26 tana gwauruwa. A 1500 tana cikin waɗanda suka tsaya a bikin baftismar jikan Mary, yaron da ya zama Sarkin Daular Jamus Charles na V. Shekara huɗu bayan rasuwarta, a 1507, aka ba Margaret ƙarama riƙon ƙasashen arewa gaba ɗaya a madadin wannan yaro, ita ma a Mechelen ta kafa fadarta.